Andrew Foster: Kurman da ya buɗe wa kuramen Afirka ƙofar makaranta

A ranar 3 ga watan Disamba, 1987, wani ƙaramin jirgin sama da ya nufi Kenya ya faɗi a kusa da garin Gisenyi na ƙasar Ruwanda. Cikin waɗanda suka rasu akwai wani Ba'amurke baƙar fata mai shekara 62, wanda ya shafe shekara 30 yana kai-komo tsakanin ƙasashen Afirka. Sunansa Andrew Jackson Foster. Tun yana ɗan shekara 11 bai ƙara jin muryar mutum ba, amma ya rasu ya bar makarantun kurame 32 a ƙasashe 13, ciki har da Najeriya. Yawancin kuramen ƙasar nan da suka iya karatu da rubutu, idan aka bi salsalar malamansu, za a tarar tana tuƙewa a kansa.

Yaro daga unguwar masu haƙar kwal

An haifi Foster a ranar 27 ga watan Yuni, 1925, a Ensley, wani yanki na birnin Birmingham a jihar Alabama da ke kudancin Amurka. Mahaifinsa mai haƙar kwal ne. A wancan zamani dokar wariyar launin fata ce ke mulkin kudancin ƙasar. Makaranta, asibiti, motar haya har da famfon shan ruwa, duk an raba na farar fata da na baƙar fata.

A 1936 cutar sanƙarau ta kama shi tare da ƙanensa. Dukansu sun rayu, amma cutar ta tafi da jinsu. Aka kai shi makarantar kurame baƙaƙen fata da ke garin Talladega, inda karatun ba ya wuce matakin firamare. Hukumomin jihar sun riga sun yanke cewa yaron da ya haɗa kurumta da baƙar fata ba ya buƙatar fiye da haka.

Foster bai yarda da wannan hukunci ba. Yana matashi ya ƙaura zuwa Detroit wurin 'yan uwa, yana aikin ƙarfi da rana yana karatu da dare. Ya samu difloma a fannin akanta da harkar kasuwanci a 1950, ya kuma kammala sakandare ta hanyar wasiƙa a 1951. Ya sha neman shiga Kwalejin Gallaudet da ke birnin Washington, babbar makarantar da aka kafa domin kurame, ana mayar da shi saboda launin fatarsa. Sai a 1951 aka karɓe shi. Karatun shekara huɗu ya gama shi a uku, ya fita a 1954 a matsayin baƙar fata na farko da ya samu digiri daga kwalejin. A shekarar ce kuma Kotun Ƙolin Amurka ta haramta wariya a makarantun gwamnati. Bayan haka ya ƙara digiri na biyu har guda biyu, ɗaya a fannin ilimi a jihar Michigan a 1955, ɗaya a fannin aikin mishan a birnin Seattle a 1956.

Daga Accra zuwa Ibadan da Kaduna

Burinsa shi ne ya zo Afirka ya koyar da kurame, ya kuma yi musu wa'azin addinin Kirista, domin shi ɗan mishan ne kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. Ƙungiyoyin mishan da ya tuntuɓa suka ƙi ɗaukarsa. Sai ya kafa tasa ƙungiyar a Detroit a 1956, ya riƙa zagayawa yana neman gudummawa.

Ya isa Gana a 1957, shekarar da ƙasar ta samu 'yancin kai a ƙarƙashin Kwame Nkrumah. A lokacin makarantun kurame da ke faɗin nahiyar 'yan ƙalilan ne, kuma yawancinsu suna arewacin Afirka ne ko Afirka ta Kudu. Ya fara da aron aji a wata makarantar coci da ke unguwar Osu a Accra, yana koyarwa bayan yara masu ji sun tashi. Da ɗalibai suka yi yawa, makarantar ta koma Mampong-Akuapem.

A 1960, shekarar 'yancin Najeriya, ya buɗe makarantar kurame a Ibadan, daga nan aikin ya kai Enugu da Kaduna a farkon shekarun 1960. A taron kurame na duniya da aka yi a Wiesbaden ta Jamus a 1959 ya haɗu da Berta Zuther, Bajamushiya wadda ita ma kurma ce. Sun yi aure a Najeriya a 1961, suka haifi 'ya'ya biyar, kuma ita ce abokiyar aikinsa har ƙarshen rayuwarsa.

Daga baya ya fuskanci ƙasashen da Faransa da Beljiyam suka mulka: Kwaddebuwa, Togo, Binin, Cadi, Sanagal, Kamaru, Burkina Faso, Gabon, Afirka ta Tsakiya, Zayar da Burundi. Ibadan ta zama cibiyar horar da malamai. Matasa kan zo daga waɗannan ƙasashe su yi kwas, su koma gida su riƙe aji. Dabararsa ita ce ya kafa makaranta, ya horar da 'yan ƙasa, musamman kurame, ya miƙa musu ragama, sannan ya yi gaba. Ya kuma tura haziƙan ɗalibansa zuwa Gallaudet, irin su Seth Tetteh-Ocloo na Gana da Gabriel Adepoju na Najeriya. Kwalejin da ta taɓa rufe masa ƙofa ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1970.

Rigimar hannu da baki

Babban yaƙin da Foster ya yi a fagen ilimi shi ne a kan yadda za a koyar da yaro kurma. Tun a taron Milan na 1880 malaman Turai, waɗanda kusan dukkansu masu ji ne, suka yanke cewa a daina koyarwa da maganar hannu, a tilasta wa kurame koyon furuci da karanta leɓe. Wannan ra'ayi ya ƙara ƙarfi a shekarun 1950, lokacin da aka fara ƙera ƙananan na'urorin taimaka wa ji masu aiki da taransista, waɗanda ake ratayawa a ƙirji da waya zuwa kunne. Mutane da dama suka ɗauka cewa da na'ura da horon furuci, an gama da matsalar kurumta.

Foster ya san iyakar na'urar daga jikinsa. Aikinta shi ne ta ɗauki sauti ta ƙara masa ƙarfi ta tura shi cikin kunne. Tana amfani ƙwarai ga wanda yake da sauran ji. Amma sanƙarau kan lalata sashen can cikin kunne mai siffar dodon-koɗi, inda ake mayar da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke fahimta. Idan wannan sashe ya lalace gaba ɗaya, ƙara ƙarfin sauti ba ya dawo da fahimtar magana. Yaron da aka hana maganar hannu ana jiran ranar da zai yi magana da baki, sai shekarun koyon harshe su wuce shi ba shi da ko ɗaya.

Saboda haka ya bi hanyar haɗa duk abin da zai isar da saƙo: alamar hannu, harafta kalmomi da yatsu, rubutu, furuci, da sauran jin da yaro yake da shi. Binciken masana harshe, tun daga aikin William Stokoe a Gallaudet a 1960, ya tabbatar da cewa maganar hannu cikakken harshe ce mai nahawunta. Foster ya rasu wata uku kafin ɗaliban Gallaudet su rufe makarantar da zanga-zanga a watan Maris na 1988, har sai da aka naɗa musu kurma na farko a matsayin shugaba.

Abin da ake sukarsa da shi

Aikinsa bai tsira daga suka ba. Maganar hannun da ya kawo ta Amurka ce, kuma ita ce ta zama tushen wadda ake koyarwa a makarantun Najeriya da Gana da ƙasashen rainon Faransa. Alhali kuramen Afirka suna da harsunansu tun kafin zuwansa. A ƙauyen Adamorobe na Gana akwai tsohuwar maganar hannu ta gargajiya. A ƙasar Hausa ma haka: kurame suna da maganar hannunsu da suka gada, har masu ji da dama kan yi ciniki da hira da ita a kasuwa da majalisa. Masaniyar harshe Constanze Schmaling ta yi bincike a kanta a Kano, ta wallafa littafi mai suna Maganar Hannu a shekarar 2000.

Da makarantu suka ɗauki alamun Amurka, sai aka fara kallon na gida a matsayin na marasa ilimi. Ko a makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki a Kano, wadda aka buɗe a 1977, alamun da suka samo asali daga na Amurka sun samu gurbi a aji. Sakamakon haka yaro kan dawo hutu da harshen da iyayensa ba su sani ba. Wannan gyara ne da ya rage wa masu tsara manhaja a yau. Duk da haka, ko masu sukarsa sun yarda cewa kafin zuwansa yawancin waɗannan yara ba su da ajin da za su zauna.

Sanƙarau bai bar mu ba

Cutar da ta kurumtar da Foster a Alabama ta zama abin da ba a cika gani ba a can, amma arewacin Najeriya da kudancin Nijar suna tsakiyar yankin da take ɓarkewa a lokacin zafi. Annobar 1996 ta kashe sama da mutum 10,000 a Najeriya. A cikinta ne kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200 a Kano. Yara 11 sun rasu, iyalai suka ce wasu sun kurumce ko sun nakasa, kamfanin kuma ya ce cutar ce sanadi. A 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 430 ne a duniya ke buƙatar kulawa saboda raunin ji, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya kauce mata ta hanyar rigakafin cututtuka irin su sanƙarau da ƙyanda, da kula da haihuwa, da maganin ciwon kunne da wuri. Rigakafi ya fi magani, a nan kam ba karin magana kaɗai ba ne.

Ga yaron da ya riga ya rasa wani ɓangare na jinsa a ƙauyukan Rano da Kibiya, irin su Saji, na'urar taimaka wa ji tana iya sauya rayuwarsa, amma raba ta a bikin tallafi a gaban 'yan jarida shi ne mafi sauƙin aikin. Dole ne ƙwararre ya auna jin yaron ya saita ta daidai da shi, domin wadda aka saya a kasuwa ba awo tana iya ƙara ɓata kunne. Kunnen da ke zubar da mugunya sai an yi maganinsa tukuna. Batirinta kan ƙare cikin 'yan kwanaki zuwa mako biyu, kuma ƙarami ne da yaro zai iya haɗiyewa, don haka sai an ɓoye shi. Gumi da ƙurar hunturu da dauɗar kunne suna toshe ta. Ana goge ta kullum da busasshen ƙyalle, a cire ta kafin wanka ko alwala, da dare a buɗe gidan batirin a ajiye ta a busasshen wuri nesa da zafi. Robar da ke shiga kunne sai an riƙa sauya ta yayin da yaro ke girma, in ba haka ba na'urar ta riƙa fito. Iyalin da ba su da kuɗin batiri ko na motar zuwa Kano ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, ƙarshen na'urar tasu ƙasan akwati.

Wannan ne ya sa darasin Foster bai tsufa ba. Ya gina aikinsa a kan abin da ba ya lalacewa idan batiri ya ƙare, wato harshe, da malami ɗan gari, da aji. Wanda na'ura za ta amfana a ba shi ita tare da hanyar kula da ita, wanda ba za ta amfana ba kada a bar shi ba harshe.

A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci. Ta ba su haƙƙin ilimi kyauta har zuwa sakandare, ta ɗora wa hukumar da ta kafa alhakin samar da kayan taimaka wa karatu, ta kuma ba da wa'adin shekara biyar na gyara gine-ginen gwamnati, wanda ya cika a Janairun 2024. Tambayoyin da suka kamata matasa su riƙa yi wa 'yan majalisarsu da shugabannin ƙananan hukumomi a bayyane suke: malamai nawa ne suka iya maganar hannu a firamaren mazaɓarsu, nawa aka ware wa awon jin jarirai a kasafin kuɗi, kuma wane ne ke fassara wa kurma a asibiti, a kotu da rumfar zaɓe?

An binne Foster a Ruwanda. A 2004 Jami'ar Gallaudet ta sa wa babban ɗakin taronta sunansa, aka kafa mutum-mutuminsa a gaban ɗakin. Matarsa Berta ta ci gaba da tafiyar da ƙungiyar bayan rasuwarsa, kuma da dama daga makarantun da ya kafa suna aiki har yau a hannun gwamnatoci da ɗaliban ɗalibansa.