Carlo Abarth: Mai tambarin kunama da ake kwafar motarsa har yau

In kuna bin shafukan tsofaffin motoci a Instagram ko YouTube, da wuya a ce ba ku taɓa cin karo da ita ba: wata 'yar mota ja mai kujera biyu, bonet ɗinta baƙi wuluk, ba bamba gaba da baya, ga tambarin kunama a jikinta. Za ku ga an rubuta Fiat 124 Abarth Rally. To ku tsaya ku ji, da yawa daga cikin waɗanda kuke gani ba na asali ba ne. Na asalin kusan 1,000 kacal aka ƙera. Sauran, Fiat 124 Spider ce ta gama-gari wani ya saya, ya kai gareji, ya warware ta, ya sake haɗa ta da kamannin ta tsere.

Kafin ku ce jabu ce, ya kamata ku san mai sunan, domin shi kansa da irin wannan aikin ya ci abinci.

An haifi Karl Abarth a Viyana, babban birnin Ostiriya, ranar 15 ga Nuwamba, 1908. A lissafin taurari na Turawa, ranar ta faɗa cikin burujin kunama, daga nan tambarin ya samo asali. Tun yana matashi ya tafi Milan ya koyi aiki, ya dawo gida ya shiga tseren babur, ya kuma yi suna. Sai ga mummunan haɗari a garin Linz, wanda ya raba shi da tseren babur mai taya biyu.

Kun zaci zai haƙura? Ina! Ya haɗa babur mai kujera a gefe da hannunsa, ya ƙalubalanci Orient Express, shahararren jirgin ƙasan Turai na lokacin, a tafiyar sama da kilomita 1,300 tsakanin Viyana da Ostend ta Beljiyam. Karon farko jirgi ya riga shi. Ya sake gwadawa, ya riga jirgi. A ƙarshen shekarun 1930 wani haɗarin ya sake samunsa a Yugoslabiya, ya yi doguwar jinya, tseren babur ya ƙare masa ke nan. A can ya zauna har yaƙin duniya na biyu ya wuce.

Bayan yaƙi ya koma Merano a arewacin Italiya, garin dangin mahaifinsa, ya zama ɗan ƙasa, Karl ya koma Carlo. Ta hanyar sanayyarsa da gidan Porsche ya samu shiga Cisitalia, kamfanin Piero Dusio da ke ƙera motocin tsere a Turin. Kamfanin ya zuba kuɗi a wata motar tsere mai tsadar gaske, ya karye, Dusio ya tattara ya tafi Ajantina. Abin da Abarth ya tsira da shi 'yan motoci ne da kayan gyara. Yana da shekara 40, jiki ya sha karaya, wurin aiki ya rufe.

Ranar 31 ga Maris, 1949 ya kafa Abarth & C. da jarin Armando Scagliarini, mahaifin wani direban tsere. Amma tsere cin kuɗi yake yi, ba ya kawowa. To me ya riƙe kamfanin? Salansa. E, wannan bututun hayaƙin da ba wanda yake ɗaukarsa hoto. Abarth ya riƙa ƙera salansa mai sauya ƙarar mota da ɗan ƙara mata kuzari, wadda bakanike zai ɗaura wa motar kowa. A 1962 kaɗai kamfanin ya ƙera sama da 250,000.

Daga salansa ya wuce zuwa injin. Da Fiat ta fito da 600 a 1955, ƙaramar motar talaka, Abarth ya fara sayar da kayan da za su faɗaɗa injinta zuwa 750. Da 500 ta fito a 1957 mutane suna raina ta, ƙarfin doki 13 kawai gare ta. Ya ninka shi zuwa 26, ya kai ta filin tsere na Monza a 1958, ta yi kwana 7 tana zagaye, matsakaicin gudunta kilomita 108 a awa. Fiat ta ga amfanin abin, har ta amince ta riƙa biyansa duk lokacin da motar Fiat mai kunama ta ci tsere.

Ga wanda zai ba ku dariya. A Oktoban 1965, yana dab da cika 57, ya ce shi da kansa zai tuƙa motar kafa tarihi a Monza. Matsalar ita ce kujerar ta yi masa kaɗan. Bai sa an faɗaɗa motar ba. Ya koma cin tuffa har ya zubar da kilo 30, ya shiga, ya kafa tarihin.

A 1971 ya sayar wa Fiat kamfanin, Abarth ya zama sashen Fiat na tseren rali, wato tseren da ake yi a hanyoyin burji, duwatsu, laka da ƙanƙara. A ƙarshen 1972 aka fito da 124 Abarth Rally. Dokar tseren ce ta tilasta a ƙera wani adadi na sayarwa kafin mota ta shiga gasa, shi ya sa ba ta da yawa. An cire bamba, an yi bonet da but da roba mai zaren gilas don rage nauyi, an shafa musu baƙin fenti mara sheƙi don kada hasken rana ya kashe wa direba ido. An sa ƙarfen kariya a bayan kujeru, an sauya ƙafar baya yadda kowace taya ke motsi ita kaɗai. Injin 1,756 ne, ƙarfin doki 128. Ta ci ralin Fotugal a 1974 da 1975, Maurizio Verini kuma ya ɗauki kofin Turai da ita a 1975. Kun lura? Motar nan da ake kwafa da sunansa, bayan ya saki kamfanin aka yi ta. Carlo Abarth ya rasu a Viyana ranar 24 ga Oktoba, 1979.

Saboda haka wanda ya ɗauki Spider da tsatsa ta ci, ya yi mata walda, ya rage mata nauyi, ya gyara kafireto, kan turbar Abarth yake. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen ciniki. Ta asali ta ninka kwafi kuɗi nesa ba kusa ba, kuma baƙin bonet da sitikar kunama ba su da wuyar samu. Masu sani lambar ƙashin mota suke dubawa, sannan su leƙa ƙafar baya, domin nan ne yawancin kwafi ke tona kansu. Abarth bai taɓa ɓoye cewa Fiat ya gyara ba, sunayen biyu yake sawa a jikin mota. Idan gobe kun ga 'yar jar nan a shafinku, ku karanta bayanin da ke ƙasan hoton, ku ga ko mai ita ya faɗi abin da take.