Farfesa Earl O. Heady (1916–1987): Ɗan Manomin Da Ya Kai Alƙalamin Lissafi Gona

Duk manomin da ya taɓa zama gab da faɗuwar damina yana auna gonar da zai ba masara da wadda zai bar wa wake, da buhun taki nawa aljihunsa zai ɗauka, da inda zai samo 'yan ƙwadago ranar noman fari, to ya san tambayar da Farfesa Earl O. Heady ya ƙarar da rayuwarsa a kanta. Wannan Ba'amurke bai ƙirƙiro sabon iri ba, bai ƙera garma ba. Abin da ya yi shi ne ɗaukar shawarar da manomi ke yankewa a zuciyarsa, ya shimfiɗa ta a takarda yadda za a iya lissafa ta, a gwada ta, a kuma gano inda take da kuskure.

An haifi Heady ranar 25 ga Janairu, 1916, a gundumar Chase da ke kudu maso yammacin jihar Nebraska, yanki mai ƙarancin ruwan sama. A gona ya tashi. Samartakarsa ta zo daidai da shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, farashin hatsi ya faɗi warwas, sannan fari da guguwar ƙura suka biyo baya suka kori dubban iyalai daga gonakinsu. Wanda ya ga haka da idonsa ba ya buƙatar malami ya gaya masa cewa ƙwazo kaɗai ba ya tsare manomi daga karyewa. Ya shiga Jami'ar Nebraska, ya sami digirin farko a 1939, na biyu a 1940, kuma a wannan shekara ya kama aikin koyarwa a Kwalejin Jihar Iowa da ke garin Ames, wadda ta zama jami'a a 1959.

Bai daɗe da zuwa ba wata rigima ta girgiza sashen tattalin arziki, wanda Theodore Schultz ke shugabanta. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wani matashin masani a sashen ya fitar da ƙasida mai nuna cewa man majarin da ake yi da tsirrai zai iya maye gurbin man shanu a wannan hali na ƙarancin abinci. Masu kiwon shanun madara suka fusata, hukumar kwaleji ta janye ƙasidar, Schultz ya ajiye aiki ya koma Jami'ar Chicago, wasu malamai da dama suka bi sahunsa. Shi ne Schultz ɗin da ya sami lambar yabo ta Nobel a 1979. Heady kuwa ya zauna. Ya kammala digirin digirgir a 1945, kuma a kan wannan kufai ya soma gina abin da daga baya ya jawo ɗalibai daga sassan duniya.

A 1952 ya fitar da littafinsa mai suna Economics of Agricultural Production and Resource Use, mai shafi sama da 800, wanda ya zama madogara a fannin har tsawon shekaru. Amma abin da ya fi bambanta shi da takwarorinsa shi ne rashin tsayawa a ofis. Ya haɗa kai da masana ƙasa, irin su John Pesek, suka yanka filayen gwaji suna zuba takin zamani gwargwado daban-daban a gonar masara, suna auna abin da kowane fili ya bayar. Ya yi irin wannan da masana dabbobi a kan abincin aladu da kaji da talo-talo da shanu.

Manufar gwajin tana da sauƙin fahimta. A ɗauka, a misali kawai, buhun taki na farko ya ƙara wa gona buhu 10 na masara, na biyu ya ƙara 6, na uku ya ƙara 3, na huɗu ya ƙara 1. Masanin ƙasa zai iya cewa a zuba duka huɗun, tunda kowanne ya ƙara amfani. Amma in kuɗin buhun taki ya kai na buhu 4 na masara, to daga na uku manomi ya fara asara, ko da yabanyarsa ta fi ta kowa kyan gani. In taki ya yi araha ko masara ta yi tsada, wurin tsayawar ya matsa. Wato babu wani adadi guda da ya dace da kowace shekara. Farashi ke da ta cewa. A yau wannan magana kamar kowa ya san ta, amma a wancan zamani shawarar da malaman gona ke bayarwa ta fi karkata ga cika rumbu, ba ga abin da zai saura a hannu bayan an biya bashi ba. Sakamakon waɗannan gwaje-gwaje shi ya tattara tare da ɗalibinsa John Dillon, ɗan ƙasar Ostireliya, a littafin Agricultural Production Functions na 1961.

Taki abu ɗaya ne. Gona kuwa tana da abubuwa da yawa masu ja-in-ja da juna: fili, kuɗi, ƙwadago, lokaci. A nan ne Heady ya ɗauko wata dabarar lissafi da Leonid Kantorovich ya fara bayyanawa a Tarayyar Sobiyet a 1939, George Dantzig kuma ya samar da hanyar warware ta a 1947 yana yi wa rundunar sojan saman Amurka aiki. Ana jera duk sana'o'in da gona za ta iya yi, a rubuta abin da kowacce ke ci na fili da kuɗi da kwanakin aiki a kowane wata, da ribar da take kawowa, sannan lissafi ya zaɓo haɗin da ya fi riba ba tare da an wuce abin da ke hannu ba. Wani amfaninta, wanda a ganina ya fi na farko, shi ne tana nuna abin da ya fara ƙarewa. Sau da yawa manomi kan zaci ƙarin fili yake buƙata, alhali hannayen aiki na makonni uku ne suka ɗaure shi. Littafin da ya rubuta da Wilfred Candler a 1958, Linear Programming Methods, shi ya sauko da wannan dabara daga hannun masana lissafi zuwa hannun masana noma, tun ana aikin da ƙananan injinan lissafi na kan tebur, kafin kwamfuta ta wadata.

To, amma nasarar ta zo da wutsiya. Yayin da kowane manomin Amurka ke ƙara ƙwarewa da taki da ingantaccen iri da tarakta, hatsi ya yi yawa har ya fi ƙarfin kasuwa. Gwamnati ta riƙa saye tana tarawa, farashi ya ƙi tashi, ƙananan manoma suka yi ta sayar da gonaki ga manya. Ƙasar da ke da gonaki kusan miliyan 7 a 1935 ta koma da miliyan 2 da 'yan kai a shekarar da Heady ya mutu. Abin da ya amfani manomi ɗaya ya cutar da manoma a tare, kuma Heady bai kau da kai daga wannan ba. A 1958 aka buɗe wata cibiya a Ames ƙarƙashin jagorancinsa domin nazarin matsalar, wadda a yau ake kira CARD a taƙaice. Shi da Alvin Egbert suka kasa ƙasar gida sama da 100, suka lissafa inda ya fi dacewa a noma alkama da hatsin dabbobi, da filayen da ya kamata a hutar in ana son rarar ta ragu. Amsar ba ta yi wa kowa daɗi ba, domin kowane yankin da lissafi ya ce a hutar yana da mutanensa da 'yan majalisarsa. Daga baya aka faɗaɗa waɗannan lissafe-lissafe suka haɗa da ruwan ban-ruwa da zaizayar ƙasa, aka kuma yi irinsu ga ƙasar Tailan a shekarun 1970.

Ɗaliban da ya duba wa binciken manyan digirori sun haura 300, da yawansu daga ƙasashen waje. Ta hanyar rubutu kuma sunansa ya iso Nijeriya. A 1982 madaba'ar Jami'ar Ibadan ta buga Introduction to Agricultural Production Economics, wanda ya rubuta tare da Farfesa S. O. Olayide, shugaban jami'ar a lokacin. Duk wanda ya taɓa buɗe kundin binciken ɗalibin tattalin arzikin noma a Zariya ko Sakkwato, da wuya bai ci karo da sunayen nan biyu a jere ba.

Sai dai dole a faɗi iyakar dabarar. Lissafin yana ɗauka cewa an san farashi da yawan amfanin gona tun kafin shuka, kuma riba ce kaɗai abin nema. Manomin da ke noma abincin gidansa ba haka yake tunani ba. Tsoron shekarar da ruwa zai ɗauke ya fi masa kwaɗayin shekarar albarka. Binciken da David Norman na Samaru ya yi a ƙauyukan Ɗan Mahawayi da Doka da Hanwa tun daga 1966 ya nuna cewa haɗa gero da dawa da wake a gona guda, wanda ake ɗauka rashin wayewa ne, hikima ce: yana rage kasada, yana kuma biyan wahalar ƙwadago a watannin Yuni da Yuli, lokacin da ciyawa ke tsere da manomi. Masana da suka biyo bayan Heady sun yi shekaru suna neman yadda za su cusa kasada cikin lissafin.

A ƙarshen 1983 ya gamu da bugun zuciya mai tsanani, wanda ya raba shi da aiki baki ɗaya. Ya yi jinya kusan shekara huɗu, ya mutu ranar 20 ga Agusta, 1987, yana da shekara 71. Ginin da sashen tattalin arziki na Jami'ar Jihar Iowa yake ciki sunansa yake ɗauke da shi, wato sashen nan da ya ƙi bari a 1943.