Adolph Murie, Mutumin da Ya Binciki Laifin Kyarkeci

A wannan fitowa na kawo muku tarihin wani masanin dabbobi ɗan ƙasar Amurka mai suna Adolph Murie. Aikin da ya yi suna a kai shi ne zama a cikin sanyi yana kallon kyarketai, don a gane ko sun cancanci kisan da ake yi musu.

An haife shi ranar 6 ga Satumba, 1899, a garin Moorhead da ke jihar Minesota. Yana da wa mai suna Olaus, uwarsu ɗaya uba daban, wanda ya girme shi da shekara goma kuma shi ma masanin dabbobi ne. A 1922 Olaus ya tafi da shi Alaska, can ƙarshen arewacin Amurka, inda dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa wata da watanni kuma karnuka ne ke jan kayan matafiya. Bayan ya dawo ya ci gaba da karatu har ya sami digirin dakta a Jami'ar Mishigan a 1929. A 1934 ya kama aiki da hukumar kula da gandayen daji ta Amurka.

A wancan zamani ma'aikatan gandun daji sun raba dabbobi gida biyu. Masu cin ciyawa su ne na kirki, a kare su. Masu cin nama kuwa ɓarayi ne, a harbe su, a ɗana musu tarko ko a sa musu guba. Da haka aka ƙarar da kyarketan gandun Yellowstone kakaf a 1926. Aikin Murie na farko da ya ja hankali a wannan gandu ya yi shi, a kan wata dabba mai kama da dilanmu. Ya gano cewa yawancin abincinta ɓeraye ne da ƙananan halittu, ba manyan dabbobin da ake zarginta da ƙararwa ba. Wasu manya a wurin aikinsa ba su ji daɗin wannan rahoto ba.

A 1939 aka tura shi gandun Dutsen McKinley a Alaska, wanda tun 1980 ake kira Denali. Dutsen ya fi kowane dutse tsawo a Arewacin Amurka, ya kai mita 6,190. A kan duwatsun gandun akwai wasu fararen tumakin dawa masu murɗaɗɗun ƙahoni. Tumakin sun ragu sosai, sai mafarauta suka ce ai kyarkeci ne, a kashe shi kawai a huta.

Murie bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya shiga daji. Daga Afrilu zuwa Oktoba na shekarar ya taka kusan mil 1,700 a ƙafa. Yana tafe yana tsintar ƙoƙon kan tumakin da suka mutu, har a ƙarshen bincikensa ya tara guda 829. Me zai yi da su? Ƙahon ragon dawa yana yin zobe duk shekara, don haka in ka ƙirga zoben ka san shekarunsa, haƙora da muƙamuƙi kuma su nuna ko yana da ciwo. Ya kuma tattara kashin kyarkeci sama da dubu yana farfasawa, yana duba gashi da ƙashin da ke ciki don ya san me suka ci. Ni dai da na zo nan sai da na yamutsa fuska, amma ta ina kuma za a san abin da dabba ta ci a bayan idon mutum?

A watan Mayu na 1940 ya bi sawu a kan ƙanƙara har ya gano ramin da wata kyarkeciya ta haihu, kusa da wani reshen kogin Toklat. Ya rarrafa ya shiga ramin, ya ɗauko jariri ɗaya ya kai gida, shi da iyalinsa suka rene shi. Daga nan ya riƙa zama a kan wani tudu da madubin hangen nesa, ya shafe kusan awa 195 yana kallon ramin. Ya zaci zai ga uwa da uba kaɗai, sai ya ga manya biyar. Suna fita farauta da yamma, su kawo wa 'ya'yan abinci, suna wasa da juna suna kaɗa wutsiya.

Sakamakon ya fito a littafinsa na 1944 a kan kyarketan Dutsen McKinley. Bai ɓoye cewa kyarkeci na cin tumaki ba. Amma ƙoƙunan kai sun nuna yawancin waɗanda suka mutu tsofaffi ne, ko 'yan ƙanana, ko marasa lafiya. Lafiyayyen rago in ya haye dutse mai tsauri yakan tsira. Ya kuma nuna cewa tsananin hunturun 1929 da na 1932, lokacin da ƙanƙara ta binne ciyawa, ya halaka tumaki masu yawa.

Sai dai maganar ba ta ƙare da littafin ba, kuma wannan ne wurin da ya fi damuna. A 1945 aka sake tura shi ya ƙirga tumakin, ya tarar saura kusan 500 kawai. Masu ƙin kyarkeci suka kai ƙudiri majalisar dokokin Amurka don a tilasta wa hukumar ta kashe su. Murie da kansa ya ba da shawarar a kashe goma zuwa sha biyar. Da farko na ga kamar ya ci amanar dabbobin da ya zauna yana kallo. Da na sake tunani sai na ga lissafinsa bai canza ba: da kyarketai suka zama ba su ne matsala ba ya faɗa, da tumaki suka kusa ƙarewa ma ya faɗa. Ƙudirin bai zama doka ba. Tumakin suka farfaɗo, kuma a farkon shekarun 1950 aka daina kashe kyarketai a gandun.

Ya ci gaba da komawa Alaska har tsufansa, yana adawa da yawan gine-gine da faɗaɗa hanyar mota a cikin gandun. Ya rasu ranar 16 ga Agusta, 1974, a jihar Wayomin. Shekara 21 bayan rasuwarsa, a 1995, aka ɗauko kyarketai daga Kanada aka sake su a Yellowstone, gandun da aka ƙarar da su a baya. A Denali kuwa akwai cibiyar koyar da kimiyya da ke ɗauke da sunan Murie, inda ɗalibai irinmu ke zuwa koyon bin sawun dabbobi.