Leal da Camara, Mai Zanen Da Ya Tsone Wa Sarki Ido

Jama'a, labarinmu na yau na wani mutumin ƙasar Fotugal ne wanda alƙalaminsa ya raba shi da gida fiye da shekara goma. Sunansa Leal da Camara. An haife shi a 1876 a Gowa, can ƙasar Indiya, zamanin da Turawan Fotugal ke mulkin wurin, amma a Lisbon ya tashi.

Tun yana saurayi ya shahara da zanen ba'a a jaridu, kuma wanda ya fi sa wa ido shi ne Sarki Karlos, mutum mai ƙiba. 'Yan sanda suka yi ta kwashe jaridun, daga bisani aka hana zana Sarki sam. To, sai gogan naka ya koma zana faffaɗar malafa da sigari kawai. Ba fuska, ba suna, amma duk wanda ya gani ya san wanda ake nufi. Hukuma kuwa ba ta ɗauki abin da wasa ba. A 1898 ya tsere zuwa Madrid don kada a kama shi, a 1900 kuma ya zarce Faris, inda ya ci abinci da zane a mujallar L'Assiette au Beurre. Wanda ya san zaman baƙunci ya san ba ƙaramin abu ba ne baƙo ya yi suna a garin da masu sana'ar suka yi yawa.

Abin mamaki, wannan hannu mai kaifi shi ne kuma ya yi wa yara aiki. Wata marubuciya, Ana de Castro Osorio, ta fara buga jerin littattafan yara a garin Setubal a 1897, tana tattara tatsuniyoyin da talakawa ke faɗi da baka. Leal da Camara na cikin waɗanda suka zana mata hotuna. A lokacin yawancin mutanen Fotugal ba su iya karatu ba, don haka a ganina hoton nan ba ado ba ne, shi ne ke jawo yaro ga takarda.

Sai da aka kawar da sarauta a 1910 ya koma gida, ya shiga koyar da zane. Daga baya ya tare a ƙauyen Rinchoa, kusa da Sintra, inda ya rasu a 1948. Gidansa ya zama gidan tarihi, akwai kuma makarantar sakandare a yankin da ke amsa sunansa.