Michael Faraday: Ɗan maƙerin da ake auna lantarki da sunansa

An haifi Michael Faraday ranar 22 ga watan Satumban 1791 a kusa da birnin Landan. Mahaifinsa maƙeri ne mai ƙaramin ƙarfi, don haka yaron bai yi nisa a makaranta ba.

Yana da shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai. A can ne ya riƙa karanta littattafan da ake kawowa, har sha'awar kimiyya ta kama shi. A shekarar 1813, masanin sinadarai Humphry Davy ya ɗauke shi aiki a cibiyar Royal Institution.

A 1831 Faraday ya gano cewa motsa maganaɗisu kusa da waya na haifar da lantarki, kuma a kan wannan ne aka gina janareto.

A 1837 ya yi bincike kan kafasita, wato na'urar da ke adana lantarki tsakanin faranti biyu na ƙarfe. Ya nuna cewa yawan abin da take ɗauka ya danganta da irin abin da aka sa a tsakanin farantan.

Saboda haka ne taron masana lantarki da aka yi a Paris a 1881 ya amince da farad a matsayin ma'aunin ƙarfin kafasita.

Da wannan ma'auni ɗalibai ke lissafi. Idan aka haɗa kafasita biyu kafaɗa da kafaɗa, ana tara ƙarfinsu ne, don haka biyu masu farad 2 kowace za su ba da farad 4. Idan kuwa aka jera su ɗaya bayan ɗaya, ƙarfin raguwa yake yi: sai a ninka lambobin biyu, a raba da jimillarsu, a samu farad 1.

Shi kansa Faraday bai ƙware a lissafi ba. James Clerk Maxwell ne ya mayar da bincikensa zuwa ƙa'idojin lissafi.

Sau biyu yana ƙin shugabancin ƙungiyar masana ta Royal Society. Haka kuma ya ƙi taimaka wa gwamnatin Birtaniya wajen haɗa makamai masu guba a lokacin yaƙin Crimea.

Ya rasu ranar 25 ga watan Agustan 1867, yana da shekara 75.