Sir George Goldie, Baturen Da Ya Haɗa Kan Kamfanonin Kwara

An haifi George Goldie a shekarar 1846 a tsibirin Man, kusa da Ingila. Da fari aikin soja ya shiga, bai daɗe ba ya bari. A 1877 ya zo Kogin Kwara don ya duba wani ɗan kamfani na danginsa wanda ya ke neman karyewa.

Abin da ya tarar shi ne kamfanonin Ingilishi suna ta kokawa da juna wajen sayen manja. In wannan ya sa kuɗi, sai wancan ya ƙara, har riba ta zama ba ta biyan wahalar jirgi. Goldie ya ga ba mai tsira sai an gama kai. Ya yi ta lallashinsu har a 1879 suka haɗa jiragensu da kantunansu da jarinsu, suka zama kamfani guda, watau United African Company. Farashi ya tsaya wuri ɗaya, riba ta komo. Da ƙarfin nan ne ya karya wa kamfanonin Faransa kasuwa, har ya saye su a 1884. Saboda haka a taron Berlin Ingila ta sami bakin cewa cinikin Kwara nata ne. A 1886 aka ba kamfanin takardar iznin mulki, sunansa ya koma Royal Niger Company.

Amma kada mu ruɗi masu karatu. Haɗin kan da ya ceci attajiran Turawa shi ya toshe wa fataken ƙasa hanya, domin in mai saye ɗaya ne, mai sayarwa ba shi da ta cewa. Haraji da lasin suka matsa wa mutanen Brass, har a 1895 suka auka wa tashar kamfanin ta Akassa. Mu ma nan Arewa mun ɗanɗana, don a 1897 Goldie da kansa ya kai yaƙi Bida da Ilori.

Ran 1 ga Janairu, 1900, Gwamnatin Ingila ta karɓi mulki, ta biya kamfanin fam 865,000, ya koma ciniki tsantsa. Goldie ya rasu a London a 1925, bayan ya hallaka takardunsa don kada a rubuta tarihinsa. Kamfanin kuwa Lever Brothers sun riga sun saye shi tun 1920, a 1929 kuma aka sake gama shi da wani, aka sami U.A.C. ɗin nan da kakanninmu suka riƙa kai wa gyaɗa.