Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Mai Ribaɗin Wurno

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu.

Bayan haka, 'yan'uwa, an haifi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a shekarar 1781. Ya yi karatu a wurin mahaifinsa da baffansa Abdullahi. Yana cikin jagororin rundunar da ta zo nan Birnin Ƙonni a 1804, gab da yaƙin Tabkin Kwatto. Shi ya gina birnin Sakkwato a 1809, kuma aka yi masa mubaya'a bayan rasuwar Shehu a 1817.

Da ya hau mulki, sai ya tarar iyakar arewa ba ta zauna lafiya ba, domin Gobirawa da Abzinawa ba su daina kawo hari ba. Ya lura cewa rundunar da ke fita ta komo gida ba ta tsare iyaka. Saboda haka ya farfaɗo da ribaɗi, wato zaman dako a bakin iyaka, wanda hadisai suka bayyana falalarsa. Har littafi ya wallafa a kan ribaɗi da tsaro.

Ga yadda ya tsara shi: a kewaye gari da ganuwa, a gina masallaci da makaranta, a naɗa shugaba da limami da alƙali. Mazauna su yi noma su ci da kansu, masu sana'a su zauna tare da su. Ya kwaɗaitar da makiyaya su zauna gari, su kiwata dawaki, 'ya'yansu su yi karatu. Bai keɓe 'ya'yansa daga wannan nauyi ba: ya ajiye Aliyu a Shinaka, Fodiyo kuma a Lajinge.

Shi kansa ya bar jin daɗin Sakkwato ya tare a Wurno, bakin gulbin Rima. A 1836 ya yi nasara a yaƙin Gawakuke. Ya rasu a Wurno a 1837, can kuma kabarinsa yake.

Abin lura gare mu mazauna bakin iyaka shi ne, ganuwa kaɗai ba ta tsare gari, sai an haɗa da ilmi da adalci da abinci, da shugaban da ke kwana inda talakawansa suke kwana.

Allah Ya jiƙansa, Ya ba shugabanninmu ikon koyi da shi, amin.